Ranar da Iya Ta Daina Zagina

Talata, bayan la'asar

Salamu alaikum ƙawayena na amana, da masu leƙen sitatus su wuce ba ko sannu, duk na gaishe ku. Na san ana ta cewa ina Rauda ta shige, ko an sa mata rana ne ake ɓoye mana. Ba aure ba ne wallahi, ku kwantar da ankonku. Akwai labari, amma ba na dariya ba ne, kuma ba lallai ku taɓa ganin wannan ba, don a cikin wayata nake rubutawa inda ba mai gani. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake ɗora komai ba sai abin nan ya lafa. To yatsuna sun saba, in ban rubuta ba ji nake kamar zan fashe.

Bari in fara da na makaranta, ya fi sauƙin faɗa. Kun san dai zane nake koyo a nan Daura, tun bayan da jarrabawa ta ƙi ni na ƙi ta. Aikinmu na fita shi ne kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwa ya ɗauko tatsuniya, ya zana ta hoto-hoto daga farko har ƙarshe. Rabin ajinmu Kusugu suka nufa, kowa rijiya da maciji, rijiya da maciji, har malaminmu, Malam Suhaibu, ya ce in ya ƙara ganin maciji ɗaya da kansa zai sare shi. Ya ce ku tafi ƙauyukanku, kuma kar wanda ya kwaso min fuska daga intanet, ku zana fuskar da kuka sani.

Ni kuwa ina da Iya. Iya Kubura, kakata ta wajen uba, tana Sandamu, ita ce mai ɗanwaken nan da 'yan firamare ke yi wa layi a ƙofar gida kullum safe. Ta ba ni tatsuniyar wata mayya mai kama kurwar yara tana zubawa a gora, da yarinyar da ta tafi karɓo kurwar ƙanenta. Ba ta ba ni duka ba, gutsi-gutsi take ba ni duk Asabar bayan isha. Wai ba a tatsuniya da rana, kuma wai in ta ba ni ƙarshen zan daina zuwa.

Hoton mayyar ya fi duk abin da na taɓa zanawa kyau. Malam ya daɗe a tsaye a kansa, sannan ya ce shi za a sa a ƙofar shiga ranar baje koli.

Fuskar da na sani na zana. Ai shi ya ce.

Laraba, da hantsi

Na goge tun ranar Lahadi. To me ya sa har yanzu yake yawo?

Laraba, bayan magariba

To bari in faɗa, tunda ba mai ji.

Ni da Iya ba ma gaisawa sai da zagi, tun ina ƙarama. Wasan jika da kaka, kowa ya san shi. In na shiga gidan ta ce, “Ga mummuna ta iso, a kifa madubi kar ya fashe.” Ni kuma in ce, “Mayya, har yanzu ba ki mutu ba? Gadon tukunyar nan fa nake jira.” Ta yi ta dariya har ta riƙe ciki. Mayya nake ce mata shekara da shekaru, a gaban Baba ma, bai taɓa ɗaga kai ba.

Da na zo zana mayyar tatsuniya, hannuna da kansa ya tafi. Billenta na kuncin hagu, wushiryarta, kallabin nan mai ruwan ɗorawa da ba ta rabuwa da shi. Har tukunyar ɗanwaken na sa, da durumin ƙofar gidan, don Malam ya ce hoto ya kamata a ji ƙamshin wurin a jikinsa. Sai na ƙara mata jan ido, na sa mata gora a hannu, kurwar yara a ciki kamar 'yan tsaki.

Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau, shi ya ja min. Na ɗauka na ɗora a sitatus, na rubuta a ƙasa, ga mayyar gidanmu, na jera kawunan dariya. Mutane suka yi ta yabo, ni kuma ina ta leƙa wa ya gani wa bai gani ba har cajina ya ƙare.

Wani ya kwafa. Ban san ko waye ba, kuma na gaji da zargin mutane. Ya yanke sunana, ya yanke dariyar, ya rubuta nasa: Mayyar Sandamu, iyaye a kula da yara. Siddiƙa, ƙawata ta aji, ita ta turo min. Ta ce a guruf ɗin matan unguwar gwaggonta ta gani, a can Sandamu.

Na ce mata ai kowa zai gane zane ne. Ta ce, “Ke Rauda, a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi? Gwaggona fa cewa take wani malami ne ya yi aiki, hoton ya fito da ainihinta.”

Alhamis, a aji

Malam ya ce ina hotunan ƙarshe, yarinyar ta karɓo kurwar ko ba ta karɓo ba? Na ce Iya ba ta ba ni ba tukuna. Ya ce to ki lallaɓa ta, ki kai mata goro, tsohuwar nan ta yi miki rana. Na ce to.

Na zauna na feƙe fensir har ya ƙare ban ja layi ko ɗaya ba.

Asabar, da yamma, a motar dawowa

Da ban je ba.

Da sassafe na tafi don in ga layin da idona. Ba layi. Hutu bai zo ba, yara na ta wucewa Islamiyya da yunifom, amma sai su tsallaka ɗaya gefen titin. Wata ƙarama ta tsaya da kwanonta, yayarta ta fizge ta har takalminta ya cire. Iya tana zaune gindin durumi, ga man gyaɗa, ga yaji, ga ɗanwake fal cikin ruwa ya huce. Ta ɗaura wani baƙin kallabi da ban san ta da shi ba.

Na buɗe baki zan gaishe ta irin yadda na saba, sai na tuna kalmar, na fasa.

Ita ta fara. Ta ce, “Raudatu, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen gidan?”

Raudatu. Ni. Ta tashi ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo min ruwa a kofin baƙi, na gilashin nan da take ɓoyewa a kwalla. Ta tambaye ni karatu. Ta ce Allah ya ba da sa'a. Wallahi da ta ɗauki muciya ta rafka min da ya fi min.

Ta sani. Ba ta da babbar waya, amma wa kuma ya zauna gabanta wata guda yana cewa Iya juyo nan, Iya kar ki motsa?

Na ce, “Iya, ɗanwaken fa?” Ta ce, “Yau awaki sun yi sa'a.” Ta ɗauka ta juye musu. Na ce in kwana a ƙarasa min tatsuniya? Ta ce, “Hadari na haɗowa, gara ki kama hanya.” Sama kuwa tas.

Lahadi, bayan azahar

Baba ya ji. Wani ɗan garinsu ya tare shi a masallaci. Ya hau mashin ya tafi Sandamu bai ko ci abinci ba, ya dawo idonsa jawur. An miƙa masa waya ya gani, ya ƙi karɓa, ya ce shi ba zai kalli fuskar uwarsa a wulaƙance ba. Ya tambayi Iya wa ya yi mata haka, ta ce ita me ta sani a harkar waya, yaran zamani ne, a bar su da Allah.

Ku da ba ku san Baba ba, malami ne, yara na ɗaukar karatu a zaurenmu. Da na ce zane nake so, cewa ya yi sam. Iya ce ta zo har Daura ta zauna a tsakar gidan nan ta ce ba za ta sha ko ruwa ba sai ya yarda, wai yarinya tun tana rarrafe take zana ƙasa da tsinke, a bar ta. Ya yarda da sharaɗi ɗaya: in zana itace, in zana gini, in zana adon ƙwarya da na atamfa, ban da mai rai. Na ce na ji. Tun shekarar farko nake zana mutane, a gidan su Siddiƙa nake ajiyewa.

Yau ya kira ni ya ce, “Rauda, ke da kike cikin wayar nan dare da rana, ki bincika min ɗan da ya yi wannan. Ina son in ga ubansa.”

Na ce to Baba.

Litinin

Ban ci komai ba. Mama ta ce ko zazzaɓi ne. Na ce e.

Laraba, da hantsi

Na bi guruf-guruf da sabuwar lamba ina rubuta wannan zane ne, ƙarya ne, ku ji tsoron Allah. Wata ta ce ke 'yar uwarta ce? Wata ta ce dama ta daɗe tana mamakin yadda ɗanwaken ke da daɗi haka, ashe da walakin. Wata ta ce ɗanta ya rame bara. Duk ɗan da ya taɓa ramewa a Sandamu yanzu Iya ce. Aka cire ni.

Abin da ban rubuta ba shi ne ni na zana. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. In na faɗa, kafin la'asar ya iso zauren Baba, makaranta ta ƙare ke nan, saura 'yan makonni in gama. Siddiƙa ta ce in yi shiru, abin waya kwana biyu ne, wani zai fito a manta da wannan. Na ce haka ne. Na ji daɗin maganarta, wannan ma ya ƙara min jin kunyar kaina.

Alhamis, bayan la'asar

Malam ya sa an yi wa mayyata firam. Ya kira 'yan aji ɗaya suna kallo yana cewa ku dubi idon nan, kamar zai bi ka gida. Aka tafa min. Na yi murmushi. Ni fa na yi murmushi.

Juma'a

Ban je Sandamu ba gobe ma ba zan je ba. Na aika mata goro da direban motar Sandamu. Ya dawo ya ce ta ce an gode, Allah ya yi albarka.

Da cewa take goron mummuna ɗaci gare shi.

Litinin, da asuba

Siddiƙa ta turo min saƙon murya daga gwaggonta.

Hadiyya ce, 'yar Ya'u maƙwabcin Iya, katanga ɗaya. 'Yar shekara shida, mai wasan gala-gala a ƙofar gida, kullum ita ce farkon layi, Iya har gyara take ƙara mata. Zazzaɓi ya kama ta tun Juma'a, jiya ta fara fizge-fizge, idonta ya kafe. Cikin zafin sai ta riƙa cewa Iya, Iya, gora. Ba shakka a wayar wani ta ga hoton. Amma mutane sun ce ta kama suna. Kun san abin da ake cewa, in maye ya kama kurwar yaro, yaron zai ambace shi, kuma ba zai tashi ba sai mayen ya zo ya tsallake shi a gaban jama'a. An jefi ƙofar Iya da duwatsu. Mai unguwa ya ce a hallara a zaurensa da hantsi.

Gora. Ni na sa mata gorar nan a hannu. Iya ko gorar fura ba ta da ita.

Zan biya gidan su Siddiƙa in kwaso takarduna.

Litinin, bayan isha

Ban san ta inda zan fara ba.

Na tarar zauren ya cika har waje, mata ta baya, samari a kan katanga da wayoyi a sama. Iya na zaune a ƙasa gefe guda, ta rufa da mayafi. Baba na kusa da ita, ashe tun asuba ya taho. Ga liman, ga mai unguwa. Hadiyya na kwance a cinyar uwarta Murja, an shafe ta da wani baƙin magani, jikinta sai karkarwa yake.

Ya'u ba faɗa yake ba, da faɗa ne da sauƙi. Durƙusawa ya yi. Ya ce, “Iya, ni ban ce ke ce ba. Amma don Allah don Annabi ki tsallake ta. In ba ke ba ce me zai rage ki?”

Murja na kuka tana cewa, “Iya ke kika yi min wankan jegonta, ki taimake ni.”

Iya ta ɗago ta ce, “Ya'u, in na tsallake ta ta tashi, na zama mayya. In na ƙi ta mutu, na zama mayya. Kai ka zaɓa min wadda zan zama.”

Wani daga waje ya ce a daina lallashi, a sa ta dole.

Ban san lokacin da na kutsa ba. Na ji dai ina cewa ku ba ni hanya, ku ba ni hanya, na zube gaban mai unguwa na warware takardun a ƙasa. Zanen fensir na farko, Iya tana tsame ɗanwake tana dariya. Na biyu, na gwada billen ya karkace. Wanda na fara sa jan ido. Wanda na gwada gora iri uku a gefe. Na buɗe wayata na nuna hoton Iya na gaskiya da na ɗauka, da kwafin sitatus ɗin da na goge, da abin da na rubuta, da kawunan dariyar.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ce. Ni na zana, aikin makaranta ne. Tatsuniya ce ita ta ba ni. Kakata ce, wasa muke, tun ina yarinya haka nake ce mata. Ba malamin da ya yi aiki, fenti ne, ga shi ma a farcena.”

Na ɗauka da na faɗa shi ke nan. Sai wani mai jar hula ya ce, “To wa ya fi jika sanin kakarta? Ai ga shi ta tabbatar.” Wasu suka ce ƙwarai. Na ji kamar ƙasa ta buɗe.

Liman ne ya juya ya dube shi. Ya ce, “Kabiru, ba kai ne kake ce wa marigayi kakanka ɓarawon akuya ba, har a bakin masallaci? Mu je mu tono shi mu yanke masa hannu?” Aka yi 'yar dariya, irin wadda ba a shirya ba. Ya ce, “Yarinya na ƙonewa da zazzaɓi kun kewaye ta kuna kallon waya. Ba mai tsallake kowa a unguwar nan. A ɗauke ta a kai asibiti yanzu.”

Mai unguwa ya ce haka za a yi. Ya'u ya tsaya yana waige-waige, sai Baba ya miƙe ya ce, “Taso, ga mashin.” Shi ya kai su, Murja a baya rungume da ita.

Bai dube ni ba. Ko sau ɗaya. Ya tsallake takarduna ya wuce.

Iya kuwa ta jawo babban, gwajin ƙarshe kafin wanda ke cikin firam, ta kai shi kusa da ido. Ashe ba ta taɓa gani ba sai yau. Ta daɗe tana kallo. Ta ajiye ta ce, “Raudatu, tattara kayanki kar a taka miki.”

Talata

Ya Allah ka tashi kafaɗar Hadiyya. Ya Allah. In ta mutu ba liman ɗin da zai iya tare su.

Laraba, da azahar

Ana ta ƙarin ruwa. Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai. Ba ta farfaɗo ba.

Baba ya aiko Mama ta gaya min makaranta ta ƙare. Ɗaki ɗaya ke tsakaninmu amma aike ya yi. Ban yi gardama ba. Wayar ma na miƙa, Mama ta ce bai ce a karɓa ba, ya ce a bar ni da ita in yi ta kallon abin da na shuka.

Juma'a, bayan an sauko

Ta buɗe ido! Ta ce tana jin yunwa! Siddiƙa ta kira ni tana ihu, na yi sujada a tsakar gida kan jiƙaƙƙen siminti. Ba wanda ya tsallake ta, kowa ya gani.

Wai da aka ce me za ta ci, ɗanwake ta ce. Murja ta ce a kawo mata shayi.

Lahadi, da yamma

Iya ta aiko direba wurin Baba da saƙo. A gabana ya faɗa, yana sosa ƙeya: wai ta ce ba ta zauna da ƙishirwa a tsakar gidan nan don a cire yarinya saura ƙiris ba. A bar ta ta ƙarasa. Baba ya ce, “An ji.” Bayan direba ya fita ya ce wa bango, ba ni ba, “In an gama baje kolin a zo a same ni.”

Ta cece ni ke nan karo na biyu. Amma ni ba ta aiko min da komai ba, ko zagi ɗaya.

Talata, a aji

Na gaya wa Malam a cire hoton daga firam. Na ba shi labari duka. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce shi ma da laifinsa, da ya ce mu nemi izinin masu fuskar. Ya ce to mayya fa, tatsuniya ba ta tafiya ba ita. Na ce zan sake.

Na jingina madubin Siddiƙa jikin kwalbar ruwa na fara. Ya ce in zana fuskar da na sani, to wannan na fi sani. Hancina mai faɗin nan, goshina, ƙurajen da nake rufewa da fauda, duk na sa. Na sa jan ido. Na miƙa mata gorar. A ɗaya hannun na sa mata waya.

Alhamis

Hancin ya ƙi. Na yaga takarda biyu. Ashe duk hotunan da nake ɗorawa ban taɓa kallon fuskata yadda take ba, sai wadda waya ta gyara.

Juma'a, bayan la'asar

Na gama. Malam ya duba ya ce, “Gaskiya ta farkon ta fi.” Na ce na sani. Ya ce ba za ta samu ƙofar shiga ba, macijin wani za a sa. Na ce ba komai. Ya ce ƙarshen labarin fa? Na ce gobe Asabar.

Tsoro nake ji. Na fi tsoron kofin gilashin nan a kan zauren mai unguwa.

Asabar, a Sandamu, bayan magariba

Da sassafe na iso. Yara huɗu ne a layi, da kuwa sai sun kai bakin titi. Hadiyya ba ta ciki. Uwarta ta leƙo ta katanga ta gaida Iya, ta koma da sauri. Iya ta rage kwaɓin, 'yar ƙaramar tukunya ta ɗora. Har yanzu baƙin kallabin ne.

Na jira yaran suka tafi. Na durƙusa na ce, “Iya ki yafe min.” Na shirya magana mai tsawo a mota, duk ta gudu. Ta ce, “Allah ya yafe mana gaba ɗaya, Raudatu.” Ta miƙe za ta ɗauko tabarma.

Na ce ki tsaya, na kawo miki abu. Na ba ta na farkon, nata, na ce ki yi yadda kika ga dama da shi. Ta juya shi gaba da baya, ta naɗe, ta cusa a murhu ƙarƙashin tukunyar. Wata guda na yi ina zana shi. Ya kama da wata irin koriyar wuta. Ta ce, “Fentin nan ya fi kananzir.”

Sai na warware na biyun.

Ta karɓa ta kai kusa da ido. Ta dube shi, ta dube ni. Ta sake dubansa. Na ga gefen bakinta na motsi tana dannewa. Ta sa yatsa a kan hancin.

Ta ce, “Wannan mayyar ai yunwa ce za ta kashe ta. Wane yaro ne zai ga hancin nan ya tsaya a kama shi?”

Na ce, “Iya?”

Ta ce, “Ko a mayun ma ke ce ta baya. Tashi min daga nan, mummuna, ki wanke min tukunya, kin zo kin tsare ni da ido kamar akuyar da ta ga dusa.”

Na fashe da kuka, na rungume ta, tana ture ni tana cewa za ki shafa min munin. Na buɗe baki in rama, don wasan ba ya tafiya sai an rama, sai na tarar ba ni da abin faɗa. Kalma ɗaya nake da ita tun ina yarinya, kuma ta ƙone a murhu. Ta ce, “Au, yau bakin ya mutu?” Na ce e. Ta ce, “To ki nemo, ni ba na wasa da kurma.”

Ruwa ta ba ni a tsohuwar moɗar roba mai tsagaggen baki. Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba.

Ta ce in an yi isha za ta ƙarasa min tatsuniyar. Na ce yarinyar ta karɓo kurwar? Ta ce ita ma ba ta yanke ba tukuna, ya danganta da yadda tukunya ta fita.

Na tambaye ta ko in ɗora sabon hoton, nawa, da bayanin abin da ya faru. Wannan karon sai da na tambaya. Ta ce in ɗora, duniya ta ga abin da take fama da shi. Sauran rubutun nan zai zauna a inda yake, Baba ma yana nan yana jirana, layin ɗanwake kuma ban san ranar da zai koma bakin titi ba.

Amma ƙawayena, ga abin da zan sa a ƙasan hoton, kuma da gaske nake. Ku da kuke da kaka a raye, me kuke ce mata in kun shiga gida, ita kuma me take rama muku? Ku ba ni aron zagi ɗaya mai zafi, wanda ko ya fita ƙofar gida ba zai ja a jefe ta ba. Ku yi sauri, an kusa kiran isha, tsohuwar nan tana jirana.